Sharhi: Tsadar kayan ɗaki ta dawo da darajar tsohon gado a Maraɗi da Tsibiri

Da zarar an kammala girbin gero aka shiga kaka, lokacin bukukuwan aure ya kama a Maraɗi da Tsibirin Gobir da Jiratawa. Lokacin ne kuma iyayen amare ke zama suna lissafin gado da katifa da kabet da kujeru da labule da ledar ƙasa. A ƴan shekarun nan lissafin ya daina fita a gidaje da dama, abin da ya sa hankali ke komawa kan kayan da ake da su tun da can: gadon ƙarfen uwa, kabet ɗin da ya kwana biyu a jingine a zaure, da kujerun da yadinsu ya yage amma ƙashinsu na nan da ƙarfinsa.

A TikTok da Facebook da YouTube, bidiyon masu kankare tsohon tebur su shafa masa sabon fenti na samun ƴan kallo sosai, kuma matasan birni na gani a wayoyinsu. Sai dai abin da ake yi a Turai da Amurka don sha'awa ranar hutu, a Maraɗi ya shafi aljihu da mutuncin gida da dukiyar mace, wani lokaci har da lafiyar yara. Shi ya sa ya kamata a tantance wane kaya ne ya cancanci gyara, wane aiki ne mutum zai iya yi da hannunsa, da kuma inda arahar ke rikiɗewa ta koma asara.

Hanyoyin da suka toshe

Kusan duk abin da ake haɗa kayan ɗakin zamani da shi, daga waje yake shigowa Maraɗi. Nijar ba ta da dazukan da ake yanko katakon aiki, saboda haka jan katako da farin katako daga ƙasashen bakin teku suke zuwa. Haka filawud da soson kujera da fenti da banish da gam da madubi, ko dai su biyo ta Kano da Katsina su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, ko kuma su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano su ƙetaro ta Gaya. Duk ranar da ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta samu matsala, rumfar kafinta ce ke fara ji a jikinta.

Hanyoyin kuwa sun sha matsala. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, kuma ba a sake buɗe ta Jibiya a hukumance ba sai a watan Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba ƙasar. An janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris, amma hukumomin Yamai sun ci gaba da rufe tasu iyakar da Jamhuriyar Benin bisa dalilan tsaro. Kayan da a da suke biyowa ta Kwatano sai suka koma tashar Lome ta Togo, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara nisa, kwanakin jira suka ƙaru, sannan daga Yamai zuwa Maraɗi akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 600. Kowane kwana da mota ta yi a hanya, mai saye ne ke biyan kuɗinsa.

A ɓangaren Najeriya lamarin na da fuska biyu. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canjawa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa na ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka mai riƙe da sefa ya samu ƙarfi a kasuwannin Kano da Katsina. Amma hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, kuma sinadaran da masana'antu ke yin soso da fenti da su da dala ake shigo da yawancinsu. Wannan ya cinye wani kaso na ribar canjin. Ga shi kuma katako, ɗanye ko yankakke, ya daɗe cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta Najeriya ta hana fitarwa, wanda ke nufin duk wanda ya ƙetaro da shi yana ɗora kuɗin kasadarsa a kan farashi.

A ɗaya gefen ma'aunin akwai abin da ke shiga aljihu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, wato jaka 42 a lissafin kasuwa, kuma mafi yawan mazauna Maraɗi ba ma albashi suke karɓa ba, sana'ar hannu da ƙananan saye da sayarwa da noma ne abincinsu. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage farashin man fetur a watan Yulin 2024, ta kuma rage na siminti da kusan kashi 35 cikin 100 a watan Oktoban shekarar. Ragin ya taimaki mai gina ɗaki, amma bai taɓa kuɗin abin da za a jera a cikinsa ba.

Kayan ɗaki asusun mace ne

Ba za a fahimci nauyin wannan tsada ba sai an san matsayin kayan ɗaki a ƙasar Hausa. Bisa al'ada, miji ne ke samar da muhalli, dangin amarya kuma su cika shi, kuma sau da yawa uwa ce ke shafe shekaru tana tari ta hanyar adashi da ƙananan sana'o'in cikin gida. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi a 1997 kan aure a Maraɗi tsakanin 1900 da 1989, ta nuna yadda kyaututtukan biki da kayan ɗaki ke bayyana darajar mace da yawan mutanen da ke bayanta. Ranar jere, abin da mata ke dubawa ke nan.

Kayan na amarya ne. Idan aure ya mutu da su take fita, idan rashin lafiya ko yunwa ta matsa su ake fara sayarwa, idan ƴarta ta isa aure wasu daga ciki take gyarawa ta ba ta. A zamanin kakanni ƙwarya ce da faifai da gadon kara. Daga baya aka koma kwanonin sha da tasoshi da langa-langa masu fenti da gadon ƙarfe mai rumfa, abubuwan da suke daɗewa kuma ba sa rasa mai saye. Yanzu yayi ya koma kan manyan gadaje da kabet masu ƙyalli irin na Turkiyya da Dubai da China, ko kwaikwayonsu da ake haɗawa a Kano da Maraɗi.

A nan ne gizo ke saƙa. Kaso mai yawa na waɗannan kaya masu sheƙi da katakon MDF ake yin su, wato garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai kama da jikin icce. Yana da kyan gani ranar biki, yana kuma da sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da jan katako. Amma idan ruwa ya shige shi sai ya kumbura ya dagargaje, kuma idan aka kwance shi aka sake ɗaurawa sau biyu ko uku, ramukan noti sun buɗe ke nan. Ga matasan da ke zaman haya suna tashi daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo ko Sura Bildi duk bayan shekara biyu, wannan babbar matsala ce. Kayan da ba ya jure ƙaura kuma ba ya gyaruwa, ranar da aka kai shi wurin dillalai ba ya kawo abin kirki. Uwar da ta zuba tarin shekara goma a cikinsa ta saya wa ƴarta ado, amma asusun da al'ada ta tanadar wa mace ya tafi.

Matsin ba a Nijar kaɗai yake ba. A watan Oktoban 2023 gwamnatin jihar Kano ta ɗaurar da auren ma'aurata 1,800, kuma gado da katifa da kabet na cikin manyan abubuwan da ta ba amaren, domin an san rashin su na cikin abin da ke tsayar da aure a gidajen talakawa.

Abin da ambaliya ta nuna

Mutanen gulbin Maraɗi sun san ruwa. Ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, ta kuma yi wa Tsibiri ɓarna, har aka tashi aka koma kan tudu inda garuruwan suke a yau. Ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024, ruwan sama da aka ƙiyasta ya kai milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin kusan sa'a ɗaya da rabi, ya yi ajalin aƙalla mutum 15, ya rushe gidaje masu yawa. A faɗin ƙasar, daminar ta 2024 ta hallaka kusan mutum 400, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawar makarantu zuwa ƙarshen Oktoba.

Bayan asarar rayuka da muhalli, akwai wadda ba a cika lissafawa ba, ta abin da ke cikin ɗakuna. A irin wannan yanayi ne bambancin kaya ke fitowa fili. Gadon ƙarfe idan ya sha ruwa, wanki da goge tsatsa da fenti yake buƙata. Kujerar jan katako idan aka bar ta ta bushe a inuwa a hankali, ana iya sake ɗaure gaɓoɓinta a canza soso da yadi. Kabet ɗin MDF da ruwa ya kwana a ƙarƙashinsa kuwa, ko kafintan da ya fi kowa ƙwarewa ba zai iya mayar da shi yadda yake ba. Tun da masana yanayi na hasashen cewa ruwan sama mai ƙarfi a lokaci guda zai ci gaba da yawaita a yankin Sahel, jure ruwa ya shiga cikin abubuwan da mai sayen kayan ɗaki zai riƙa tambaya kafin ya biya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan fannin maganar ta yi daidai da lissafi.

Aikin hannu da aikin mai sana'a

Gyaran kaya a gida yana da riba ne idan an fara da bincike. Abu na farko shi ne a duba ko gara ko ƙwaron katako sun ci cikinsa. Idan aka ƙwanƙwasa aka ji kamar ganga, ko aka ga gari na zubowa daga ƙananan ramuka, ko tsinin wuƙa ya nutse ba wahala, to fenti ba zai cece shi ba. Na biyu shi ne a girgiza shi a ga ko gaɓoɓin ne kawai suka saki. Na uku a duba gefen da ba a rufe ba, a tabbatar icce ne na gaske ko matsattsen gari.

Akwai ayyukan da duk mai haƙuri zai iya: wanke kaya da sabulu a bar shi ya bushe sarai, goge shi da samfefa mai kaushi sannan mai laushi ana bin tsawon jijiyar katakon, cike ƙananan ramuka da garin katako da aka kwaɓa da farin gam, sauya hannun kabet da makulli, ɗinka sabuwar rigar kushin ko labule wurin tela. Wajen shafa banish ko fenti, ƙa'idar ita ce shafi mara kauri sau biyu ko uku, ana barin kowanne ya bushe. Mai gaggawar da ya lafta shi lokaci guda zai ga yana zuba yana tattarewa. Gadon ƙarfe kuma sai an cire tsatsarsa da burushin waya an fara shafa mai hana tsatsa kafin fentin ado.

Yanayin Maraɗi ma yana da nasa hukuncin. Da damina katako na shan danshi ya kumbura, fenti kuma ya daɗe bai bushe ba. Da hunturu ƙura ke mannewa a jikin ɗanyen banish ta bar shi da kaushi. A tsananin zafin Afrilu da Mayu, fentin da aka shafa cikin rana samansa ke bushewa cikinsa na ɗanye. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar buji, da safe, a inuwa mai iska. Wannan bushewar iska ce kuma ke sa sabon katakon da aka kawo daga kudu bai gama bushewa ba ya tsage ko ya lanƙwashe bayan ƴan watanni. Tsohon katakon da ya shekara ashirin a ɗaki a Tsibiri ya riga ya gama wannan motsi, kuma wannan daraja ce da ba a samun ta a sabo.

Akwai kuma ayyukan da barinsu ga masu su ya fi araha. Karyayyar ƙafar gado, waldar ƙarfe, ɗaure sifirin da sauya soson manyan kujeru, yankan gilashi da madubi, da duk abin da ya shafi jan wayar lantarki don fitilun ado, na masu sana'a ne. Wanda ya lalata yadin kujera mita goma garin koyo ya kashe fiye da ladan da ya guje wa biya.

Haɗarin da bidiyo ba ya nunawa

Babban abin da gajerun bidiyon waya ba sa faɗa shi ne abin da ke cikin ƙurar tsohon fenti. Shekaru da dama ana sa dalma a fentin mai, musamman launuka masu haske irin rawaya da ja da ruwan lemo, kuma jan fentin hana tsatsa da ake kira miniyom asalinsa haɗin dalma ne. Tsofaffin gadajen ƙarfe da ƙofofi da tagogi na cikin abubuwan da aka fi shafa wa irinsa. Muddin fentin na manne haɗarin kaɗan ne. Ranar da aka kankare shi a bushe a tsakar gida, ko aka ƙona shi da wuta don ya saki, sai ya zama ƙura da hayaƙi, ya sauka a ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimta, kuma illar ba ta komawa. Rahoton da UNICEF ta fitar tare da ƙungiyar Pure Earth a 2020 ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato har miliyan 800, na ɗauke da dalma a jini a matakin da ke buƙatar ɗaukar mataki. Yankin nan ya ga mafi munin misali a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Fenti bai kai wannan tsanani ba, amma hanyar shigar gubar ɗaya ce: ƙura a tsakar gida.

Kariyar ba ta da tsada. A jiƙa wurin da ruwa kafin a goge don kada ƙura ta tashi, a shimfiɗa leda a ƙasa a tattare abin da ya zuba, a yi aikin nesa da madafa da randar ruwa, a nisanta yara da masu juna biyu, a wanke hannu da tufafi kafin a ci abinci. Idan tsohon fentin bai fara ɓarewa ba, wanke shi a shafa sabo a kai ya fi kankarewa aminci. Wajen sayen sabo kuma, fentin ruwa ya fi na mai ƙarancin wannan haɗari, kuma mizanin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Tina da fetur da ake sirka fenti da su na kama wuta daga nesa, kuma shaƙarsu a rufaffen ɗaki na sa jiri da ciwon kai. A gidan da ake girki da gawayi ko icce ko gas a tsakar gida ɗaya, wannan abin lura ne. Sai kuma kuɗin cizo, wanda ke ɓoye a gaɓoɓin gado da ɗinkin katifa, ya biyo kayan hannu daga wani gida zuwa wani. Da yawa kan yi maganinsa da fiya-fiya ko Sniper, magungunan ƙwarin gona masu ƙarfi da ba a yi su don ɗakin kwana ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da shaguna saboda yawan mace-mace. Tsohuwar dabarar kwance gado a zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓinsa a shanya a rana, a maimaita bayan mako guda, ta fi aminci. Tsohuwar katifar soso da ba a san daga inda ta fito ba kuwa, barin ta ya fi.

Adon da ke kusa da gida

Rage kuɗin ƙawata ɗaki bai tsaya kan tsohon kaya ba. Tabarmar kaba mai launi, faifai da ƙwarya mai zane da aka jera a bango, tulu da kaskon fure na yumɓu, matashin fata na dukawa, da luru ko gwado na saƙar hannu, duk ana samun su a kasuwannin jihar da kuɗin sefa, ba tare da sun bi ta Lome ko Jibiya ba. Farar ƙasa na haskaka ɗaki da kuɗi kaɗan, kuma ta fi fentin mai dacewa da ginin laka domin tana barin bango ya fitar da danshi. Fentin mai a kan bangon ƙasa yakan kumbura ya ɓare bayan damina ɗaya ko biyu.

Abin lura shi ne otal-otal da gidajen masu hali a Yamai da Abuja na sayen irin waɗannan kaya su rataya a falo, yayin da amarya a Bagalam ko Mokoyo ke jin kunyar a gan su a ɗakinta kada a ce iyayenta sun gaza. Matsalar a nan ta ido ce da bakin mutane, kuma matasan da ke tsara abin da ake yayi a waya su ne suka fi kowa ikon sauya ta.

Akwai ma batun icce. A yankin Maraɗi ne aka fara dabarar nan ta barin tsiron itatuwa a gona ana sassabe su maimakon tumɓukewa, wadda ɗan ƙasar Ostireliya Tony Rinaudo ya yaɗa tare da manoma tun 1983. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Yankin da ya sha wannan wahala kafin ya dawo da gawo da sauran itatuwa gonakinsa ya san tsadar icce. Kowace kujerar da aka gyara ta rage buƙatar sabon katako, ta kuma hana tsohon ya ƙare a murhu.

Kafintoci da masu aiko da kuɗi

Ana iya zaton yawaitar gyara zai rage wa kafintoci da masu walda da masu ɗinkin kujera kasuwa. Lissafin ya nuna akasin haka. A sabon saitin kaya, kaso mafi girma na kuɗin yana tafiya ne ga katako da soso da fenti da sufuri, wato yana ficewa daga garin. A aikin gyara kuwa kaso mafi girma ladan hannu ne, wanda ke zama a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa. Birnin da ƙidayar 2012 ta nuna yana da mutum 267,249, kuma yake ta faɗaɗa tun daga lokacin da matasa masu neman abin yi, yana buƙatar sana'ar da jarinta bai wuce samfefa da burushi da guduma da ƙusa ba.

Gurbin da ya rage na horo ne. Akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da ke tallafa wa koyon sana'o'i, akwai kuma majalisar masu sana'o'in hannu ta ƙasa. Idan waɗannan suka ɗauki gyaran kayan ɗaki a matsayin fanni mai zaman kansa, tare da darasi kan dalma da sinadarai, yaran shago da ke shaƙar ƙurar fenti kullum za su fi kowa amfana. Fanni ne kuma da mata za su iya shiga daga cikin gida, musamman ɗinkin kushin da labule da aikin fenti, tun da su ne suka fi sanin abin da ɗakin mace ke buƙata.

Ƴan Maraɗi da ke Libiya da Aljeriya da Abijan da Legas da Saudiyya da Amurka na da hannu dumu-dumu a wannan lamari, domin kuɗin da suke turowa ta Nita da Amana da Al Izza na cikin abin da ake yi wa ƙanne da ƴaƴa kayan ɗaki da shi. Sau da yawa hoto ake tura musu ta WhatsApp su zaɓa, hoto kuwa ƙyalli yake nunawa, ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin leda. Mai aiko da kuɗi na da damar tambayar da wane katako aka yi kayan, ko za a iya kwance shi a sake ɗaurawa, da kuma ko akwai wani abu a gida da za a gyara a rage kashewa. Rarar da aka samu idan ta koma keken ɗinki ko firji ko tunkiyar kiwo ko ɗan kunnen zinare, amarya ta shiga ɗaki da jari a hannunta.

Abin da za a sa wa ido

Abubuwa uku ne za su nuna inda farashi zai dosa. Na farko shi ne makomar iyakar Gaya da Malanville, domin buɗe ta zai rage tsawon hanyar kayan da ke zuwa ta teku. Na biyu shi ne dangantakar ciniki tsakanin ƙasashen AES da ECOWAS bayan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, da kuma harajin kashi 0.5 cikin 100 da ƙasashen uku suka sanya kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancensu a watan Maris na shekarar. Na uku shi ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, wanda idan ya fara aiki zai sauya kuɗin dakon kaya masu nauyi irin katako da ƙarfe.

Ko da duka ukun sun zo da sauƙi, ba za su sauya yanayin MDF a cikin ruwa ba, ba kuma za su rage yawan ƙaurar masu haya ba. Iyalan da ke shirin biki a wannan kakar za su yanke shawara ne da kuɗin da ke hannunsu yanzu, kuma kafin a tafi kasuwa, ya kamata a fara kiran kafinta ya duba abin da ke jingine a zaure ya faɗi kuɗin gyaransa.